Yadda zaki fara saida gwanjo da kayan hannu a waya, kina cikin gidanki

'Yan uwana mata, duk wadda tazo min da maganar tana so ta fara saida gwanjo a waya, tambayar farko da takeyi ita ce nawa ake saida dila, wato babban ƙunshin gwanjo da ake saidawa a ɗaure, ni kuma amsata guda ɗaya ce, dan Allah ki ajiye maganar dila tukunna. Dila ita ce mataki na ƙarshe ba na farko ba, kuma ita ce take cinye jarin mutane da yawa tun kafin su gane kan sana'ar. Maza ma da suke son shiga harkar wannan bayanin zai musu amfani, amma da mata nake magana domin mu ne muka fi yinta a cikin gida.

Sana'ar nan ba baƙuwa bace a wajenmu. Tun iyaye da kakanni akwai dillaliya, mai shiga gida gida da ƙullinta, ta karɓi atamfar wannan da kwanukan waccan ta kai inda ake so ta ci la'adarta. Abinda ya canza kawai shi ne yanzu ba sai kin sa hijabi kin zaga unguwa ba, waya ce take zagawa. Tun 2023 da aka cire tallafin mai kuma Naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin gidaje da yawa, mutanen da a da basa kallon gwanjo yanzu su ne suke tambaya a ɓoye, toh kasuwa akwai ta. Amma ki sani gwanjon ma ya tashi, dan haka lissafi ake so ba zumuɗi ba.

Mataki na farko: ki fara da abinda yake gidanki

Ki buɗe durowa da akwatuna da ƙarƙashin gado. Kayan yara da suka musu kaɗan, takalmin da kika sa sau biyu ya matse ki, jaka, leshin da aka ɗinka na biki ɗaya aka ajiye, kular da bakya amfani da ita, bilenda, labule. Ki ware masu kyau guda goma zuwa ashirin ki fara dasu. Amfanin haka shi ne zaki koyi ɗaukar hoto da sa farashi da yadda ake magana da kwastoma da tura kaya, duk ba tare da kin sa ko sisi ba, kuma zaki gane su waye masu kallon sitatus ɗinki da abinda suke iya saya. Ki yi shawara da maigida tun farko, saboda sana'a ce da zata kawo kiran waya da masu zuwa karɓar saƙo ƙofar gida.

Daga nan sai dillanci, kuma wallahi a ganina nan ne asalin makarantar. Ki faɗa wa 'yan uwa da maƙwabta duk mai kayan da take son rabuwa dasu ta kawo. Kafin ki ɗora komai ku yi magana a fili, ko dai ta faɗi kuɗin da take so abinda kika ɗora a kai naki ne, ko kuma ku yanke la'ada, misali kashi 10 cikin 100 na abinda aka sayar. Ki rubuta a littafi da kuma a cat ɗinku, saboda baki yana mantuwa kuma zumunci yana ɓaci akan dubu biyu.

Abu mafi girma a dillanci shi ne sirri. Mace bata saida gadonta ko kayan lefenta dan daɗi, wata kuɗin asibiti take nema wata kuɗin makaranta wata kuma aure ne ya mutu, dan haka ko mai saye ta matsa miki da "na waye" kice na wata baiwar Allah ne, shikenan. Kuma ki tambayi mai kayan ko akwai waɗanda bata so su gani, WhatsApp yana da wajen ɓoye sitatus daga wasu lambobi, kar dangin mijinta su ga setin kujerunta a wayarki su gane. Ranar da aka ji kin faɗi sunan mai kaya, ranar kika daina samun kayan dillanci a unguwar.

Mataki na biyu: ki tsaya a layi ɗaya

Kar ki zama yau takalmi gobe firji jibi rigar barci. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da za'a sanki dasu. Kayan yara sun fi saurin tafiya saboda yaro kullum girma yake kuma uwa bata jin kunyar saya masa na hannu. Sai jakunkuna da takalma, zanin gado da labule da bargo, dogayen riguna, kayan kicin. Ki kula da lokaci kuma, suwaita da jaket da safa ana nemansu daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, toh mai wayo tana sayensu tun da zafi lokacin da ba mai kallonsu. Jakar makaranta da takalmin makaranta kafin komawa a Satumba. Bayan Sallah da bayan bukukuwa kuma lokacin samun leshi da atamfa da aka sa sau ɗaya ne. In kina kusa da jami'a ko masaukin 'yan bautar ƙasa, duk sanda suka gama zaki samu katifa da fanka da tukunyar gas da arha tunda basa son ɗaukar kaya.

Akwai abinda ni ban yarda a saida na hannu ba ko da akwai riba: kayan kwalliyar da aka buɗe, magani, bulumbotin jarirai, kamfai. Gwal kuma kar ki taɓa sai da wanda ya san shi, a kai wajen 'yan gwal a gwada a auna a gaban mai shi.

Mataki na uku: saro kaya, ki fara da zaɓe

In kina Kano Ƙofar Wambai ce gidan gwanjo, Kaduna akwai Kasuwar Barci, Abuja akwai Karmo, Legas akwai Katangowa, 'yan uwanmu na Yamai kuma suna da kasuwar Katako. Ki tambayi ranar da ake fasa dila da lokacin, ki je da sassafe ko ki tura wanda kika yarda da idonsa. Sanda aka yanke igiyar dila masu zaɓen farko ne suke kwashe na kirki, kuɗinsu ya ɗan fi yawa amma ke kika zaɓa da hannunki, kin san kowanne zai fita. Ki riƙe mutum ɗaya ko biyu a kasuwar ki zama kwastomarsu, ki biya ba ja'inja mai yawa, watarana su zasu dinga kiranki kafin su fasa.

Wajen zaɓe kar kiyi sauri. Ki ɗaga rigar sama ta fuskanci haske, ƙananan huji a nan suke fitowa. Ki duba hammata da wuya da bakin hannu, ki ja zif sama da ƙasa, ki ƙirga maɓallai, ki ja robar ƙugu kiji ko ta saki, wando kuma ki duba tsakanin cinya domin nan yake fara cinyewa. Jaka ki murza fatar da yatsa, in ta fara ɓarewa ki barta komai kyanta, zafinmu zai ƙarasa ta cikin sati biyu a hannun kwastoma kuma ke za'a zaga. Takalmi ki lanƙwasa ƙasan, wanda ya daɗe a ajiye yana dagargajewa. Katifa da kujeru ki duba ɗinki da lungu saboda kuɗin cizo. Duk abin wuta a jona a gabanki, tukunyar gas kuma a shafa ruwan kumfa a bakinta, in yana tsiyaya zaki ga kumfar tana tashi.

Yanzu bari in miki lissafin dila ki gane me yasa nake cewa ki jira. Wannan misali ne kawai, farashi yana canzawa da dala da sefa. A ce kin sayi dila 250,000, dako da mota 5,000, wanki da guga da leda da data 15,000, kin kashe 270,000 kenan. Kin fasa kin samu guda 180, a ciki 40 ne na kai masu kyau sosai, 90 matsakaita, 50 tarkace. Na kai kin saida 3,500 ya baki 140,000, matsakaita 1,800 ya baki 162,000, tarkacen 500 ya baki 25,000. Jimla 327,000, riba 57,000, kuma wannan in komai ya ƙare kenan. Ki lura da kyau, masu kyan nan 40 da zasu ƙare cikin kwana uku basu dawo miki da uwar kuɗi ba, kuɗinki yana cikin matsakaitan da sai kin yi wata ɗaya ko biyu kina tallansu, kuma sabuwar shiga bata da mutanen da zasu kwashe 90. Amma da kin ɗauki 40,000 kin zaɓo guda 20 akan 2,000, kin kashe 4,000 a gyara, kin saida 3,200, kin samu 64,000, ribarki 20,000 kuma ba kwantai, sati mai zuwa ki sake komawa.

Dila a ɗaure ake saida ta, ana rubuta nau'in kayan da nauyinta, akwai mai kilo 45 akwai 55 akwai 100, akwai ta Ingila da Amurka da Kanada da Koriya da Chaina, kuma in kin fasa babu mayarwa. Sannan ki sani a dokar Najeriya tufafin gwanjo suna cikin kayan da aka hana shigowa dasu, mafi yawa ta Kwatano suke biyowa, shi yasa da aka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kaya suka yi wuya. Dan haka duk wanda ya miki magana a Facebook yace turo kuɗi zai kawo miki dila kai tsaye daga Kwatano da rabin farashi, kar ki tura, ba'a cinikin biri a sama. Ki saya wajen mai shago a kasuwa wanda in an samu matsala kin san inda zaki same shi.

Maganar waya ta hannu, ga masu son wannan layin, ta fi kowanne haɗari saboda kayan sata. Doka tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata in ya sani ko yana da dalilin da ya kamata ya gane, kuma in aka bi sawun waya hannun da aka same ta shi ake fara kamawa. Ki nemi kwali da rasit, ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, zata fito ki gwada da ta jikin kwalin, mai ita ya cire iCloud ko akawun ɗin Google nasa a gabanki, ki rubuta yarjejeniya da sunansa da lambarsa da hoton katin shaidarsa da shaida ɗaya. Wanda yaƙi yarda da wannan, ko kuma ya kawo waya da arhar da hankali bazai ɗauka ba, ki bashi haƙuri.

Mataki na huɗu: gyara

Nan ne kuɗin yake ƙaruwa. Gwanjo yana zuwa da wani wari na maganin da ake fesa masa, ki jiƙa da ruwan ɗumi da omo da ɗan ruwan khal, ki raba farare da masu kala, ki shanya su bushe ƙarau, masu kala ki juya cikinsu waje kar rana ta cinye. Bilic na farare ne kaɗai. Maɓallin da ya fita da zif da ɗinkin da ya farke tela zai gyara da kuɗi kaɗan, takalmi a kai wa shumeka ya goge. Sai guga, sai ki turara da turaren wuta a kabbasa ki ninke ki sa a leda mai kyau. Rigar da aka gani a tsibi a ƙasa ba'a mata kallo ba, in ta sha wanki da guga da turare ita ce ake rigima a kanta.

Mataki na biyar: hoto da rubutu

Ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafinki kafin komai. Hasken safe kusa da taga ko a tsakar gida cikin inuwa yafi kowanne, kar kiyi da daddare da fitilar waya. Ki shimfiɗa farin zani ko ki rataye a hanga jikin bango mara tarkace, ki ɗauki gaba da baya da lebul, sannan ɗan bidiyo na sakan goma kina juya kayan. Kar ki sa filta, kala ta canza a hoto ita ce babbar hanyar faɗa da kwastoma.

Sannan ki ɗauki hoton aibin. Eh, aibin da kansa, ɗan tabon nan ko hujin da aka ɗinke, ki nuna shi da yatsa ki rubuta. Wasu suna ganin wannan zai kori mai saye, ni kuma abinda na gani shi ne wadda ta saya da saninta bata dawowa da faɗa, kuma gobe in kika ce mata wannan bashi da komai zata yarda ba tare da ta tambaya ba. Balle mu musulmi mun san ɓoye aibin kaya algus ne kuma yana cire albarkar ciniki. Mai saye a waya bata taɓa kayan ba, idonki ne idonta, amana ce kika ɗauka. Kar ki kira na hannu sabo, kar ki ɗauko hoton intanet ki ce shi ne.

Ki sa wa kowane kaya lamba, ki rubuta farashi a jiki, wannan "zo inbos" ɗin yana gajiyar da mutane kuma yana sa a yi zargin kowa da kuɗin da kike faɗa masa. Ki sayi tef irin na tela ki auna tsawo da ƙirji da ƙugu, saboda sayiz 12 na Ingila daban da 12 na Amurka, na Chaina kuma yawanci ƙanana ne. Na yara ma kar ki dogara da shekarun da aka rubuta a lebul, ki auna.

Inda zaki ɗora: sitatus na WhatsApp ne farko, amma ki tuna awa 24 yake yi ya ɓace kuma sai wadda kuka ajiye lambar juna ce take gani, dan haka duk sabuwar kwastoma kice ta yi sebin lambarki. Ki sauke WhatsApp Business kyauta ne, yana da katalog da kayan zasu zauna. Ki buɗe guruf da ke kaɗai ce mai iya turawa, ki sa rana da lokaci, misali duk Asabar bayan la'asar sabbin kaya suna fita, mutane su saba. Kar ki zuba hoto 60 a lokaci ɗaya ba mai kallo har ƙarshe. Manyan kaya irin firji da gado da kujeru sun fi tafiya a Facebook Marketplace da Jiji. Instagram da TikTok suna kawo baƙin kwastoma daga wasu garuruwa, kuma ba dole sai kin nuna fuskarki ba, hannu da murya sun isa.

Mataki na shida: kuɗi

Ki buɗe akawun daban na sana'a, ko OPay ko Moniepoint ko na banki, kar ya haɗu da kuɗin cefane. Kar ki yarda da iskirinshot ko saƙon alat, ana haɗa na bogi, ki shiga manhajar da kanki ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya ya bar gidanki. Wanda yace ya tura fiye da kuɗin ki maido masa canji, ki duba tukunna. Duk wanda ya nemi ki karanto masa lambobin da suka shigo wayarki ko BVN ko fin ɗinki ɓarawo ne, ki kunna tsaron mataki biyu a WhatsApp domin in aka ƙwace lambarki da sunanki za'a damfari mutanenki.

"Ajiye min zuwa ƙarshen wata" ita ce take kashe ƙaramin jari. Ki sa doka tun farko kuma ta hau kan kowa har 'yar ɗakinku, wadda ta fara biya ita ce mai kaya, in ana so a ajiye a bada kafin alƙalami ki ajiye kwana biyu ko uku. Bashi kuma in kin bayar ki ɗauka kyauta kika yi, kar ki bada abinda in bai dawo ba bazaki iya komawa kasuwa ba. Ki faɗi ƙa'idar mayarwa a fili, ni abinda nake ganin adalci shi ne in aka samu aibin da baki faɗa ba ki karɓi kayanki ki maida kuɗi ba musu, in kuma ra'ayi ne ya canza ko bata duba awon da kika rubuta ba toh babu mayarwa.

Mataki na bakwai: tura kaya

Cikin gari ki samu ɗan sahu ko mai mashin ɗaya amintacce da aka san gidansu. Wani gari kuma tasha ce, a bada webil, wato a ba direba saƙon ya kai, ki rubuta suna da lambar mai karɓa da alƙalamin maka a jikin ƙullin, ki naɗe da leda biyu da salatif musamman da damina, wanda ya kai ya ɗauko lambar direba da hoton lambar motar ki tura wa kwastoma nan take. Ki yi bidiyon kayan kafin ki rufe. Kuɗin mota a faɗa tun kafin a biya, waye zai biya kuma nawa. Kaya mai tsada gara kamfanin aike mai bada rasit. Baƙon namiji da ya gani a Facebook yace zai zo ya duba firji, kar ki bashi kwatancen gida kina ke kaɗai, maigida ko ƙaninki ya tsaya, ƙananan kaya kuma a haɗu a bakin titi ko shagon wani da kuka sani.

Ki riƙe littafi, kowane kaya da lambarsa, nawa kika saya, nawa kika kashe, nawa ya fita, yaushe. Data da kuɗin mota da omo duk ki sa, su ne suke cin riba ba'a gani. Abinda ya kwana wata ɗaya bai fita ba ki karya farashi ko ki haɗa uku a kuɗi ɗaya, ko ki bawa mai kasa kaya a bakin titi a sari, kuɗin ya dawo ya juya yafi ya zauna a buhu. In kika ga watanni sun tafi kina ƙarar da zaɓenki duk sati, mutane suna tambaya kafin ki ɗora, kuma kina da mai kwashe miki tarkace, toh a lokacin ki nemi wata ku haɗa kuɗi ku raba dila ɗaya, a fasa a gabanku ku biyu a shagon wanda kika saba saya a wajensa.